Koyon tuƙin jirgi mai saukar angulu: daga bencin lakkol hanyar take farawa

Mazauna Yamai, musamman na unguwannin Talaje da Saga da ke kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, sun saba da ƙugin jirgin nan mai tashi tsaye ba tare da ya yi gudu bisa ƙasa ba. Hausawa suka raɗa masa suna jirgi mai saukar angulu, saboda yadda yake dira wuri guda. Masu jin Faransanci kuwa suna ce masa elikoftar. Uwaye da dama sukan tambayi ma'aikata: shin ɗan talaka yana iya zama matuƙin wannan jirgi? Ta wace ƙofa ake shiga, kuma mi ake koyo? Amsa ita ce ana iyawa, sai dai hanyar tana da tsawo. Jirgi ana iya sayensa, ko a same shi kyauta, cikin rana guda. Matuƙinsa sai an yi shekaru ana renonsa.

Jirgin da ba ya neman fili

Tun cikin shekara ta 1907 wani Bafaranshe mai suna Paul Cornu ya gwada wata na'ura mai farfela biyu domin ta ɗaga mutum tsaye. Amma siffar da aka fi sani yau, wato babbar farfela bisa kai da ƙarama ga wutsiya, ta samo asali ne daga jirgin da Igor Sikorsky ya tayar a Amurka cikin 1939. Faransa ta biyo da Alouette II cikin 1955, sannan Gazelle cikin 1967. Tarayyar Sobiyat kuma ta ƙera Mi-8, wanda daga jikinsa Mi-17 ya fito.

Amfanin wannan jirgi ga ƙasa irin Nijar a fili yake. Faɗin ƙasar ya kai murabba'in kilomita 1.267.000, kuma mafi yawansa hamada ce. Daga Yamai zuwa Agadas tafiyar sama da kilomita 900 ce bisa hanyar mota, zuwa Difa kuwa ta haura 1.300. Jirgin sama mai fukafukai sai da dogon fili shimfiɗaɗɗe yake sauka. Mai saukar angulu fegi kaɗan ya ishe shi. Shi ke ɗauko sojan da ya ji rauni daga daji, shi ke kai lokotoro inda mota ba ta zuwa, da shi ake bin sawun farin dango cikin hamada. Wanda ya ga yadda ambaliyar watan Agusta na 2024 ta yanke manyan hanyoyin shiga Yamai ya san darajar abin hawan da ba ya jiran a gyara gada.

Rundunar sojan sama ta Nijar an kafa ta cikin 1961, shekara guda bayan samun ƴancin kai, da sunan Escadrille Nationale du Niger. Daga baya aka kira ta Groupement Aérien National, cikin 2003 kuma ta zama Armée de l'Air. Babban sansaninta shi ne na 101, wanda ke manne da filin jirgin Yamai. Rundunar ta samu jirage masu saukar angulu iri dabam-dabam: Mi-17 da Mi-35 ƙirar Rasha, da Gazelle guda 3 da Faransa ta miƙa mata cikin watan Maris na 2013, da kuma Bell 412 da Italiya ta bayar. Kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar ƴan ƙasa da suka iya shi.

Ƙofar shiga

A Nijar, babbar ƙofar wannan aiki ita ce ta soja. Saurayi ko budurwa sai sun gama lise, sun samu bakaloreya, kuma an fi son ta fannin lissafi da kimiyya. Daga nan sai jarrabawar shiga aikin hafsa, wadda ta haɗa rubutu da gudu da binciken lafiya. Wanda ya haye sai ya fara zama soja tukuna, ya koyi biyayya da tsari, kafin a zaɓe shi a aika shi makarantar tuƙi. An saba aika irin waɗannan ɗalibai ƙasashen waje. A Faransa, makarantar da ake fara koyon wannan tuƙi tana garin Dax. A Najeriya akwai makarantar jirage masu saukar angulu a Inugu, ga kuma tsohuwar kwalejin harkokin jiragen sama ta Zariya da aka kafa cikin 1964.

Binciken lafiya yana mayar da mutane da yawa gida. Ana auna ganin ido na nesa da na kusa, ana duba ko mutum yana rarrabe ja da kore, domin fitilun jirgi da na filin sauka da launi suke magana. Ana auna ji, da bugun zuciya, da hawan jini, da sukari. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba: matuƙin da ke aikin albashi kowace shekara sai ya koma gaban lokotoro, in ya faɗi a dakatar da shi har ya warke.

Ƙofar ba ta maza kaɗai ba ce. Cikin watan Oktoba na 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin sama cikin rundunar sojan Nijar, tana tuƙa Cessna 208, cikin 2020 kuma ta kammala horon tuƙa babban jirgin kaya C-130 a Amurka. Jiragenta masu fukafukai ne, amma matakan farko da ta taka su ne mai son jirgi mai saukar angulu zai taka.

Karatun ƙasa kafin na sama

Ɗalibi yakan yi watanni cikin aji kafin ya taɓa sandar tuƙi. Yana koyon yadda iska ke ɗaukar abu mai nauyi, da yadda inji ke aiki, da ilimin yanayi, da karatun taswira, da dokokin sararin sama, da yadda ake magana ta rediyo da masu kula da zirga-zirgar jirage. Lissafi yana cikin kowane darasi. Kafin kowane tashi sai matuƙi ya haɗa nauyin mutane da kaya da mai, ya san lita nawa injinsa ke sha cikin awa, ya cire abin da iskar gaba za ta rage masa na gudu, ya bar ragowar mai domin tsaro. Wanda ya yi kuskuren lissafi bisa allo maki kawai ya rasa. Wanda ya yi shi tsakanin Agadas da Dirku ba shi da gidan mai da zai tsaya.

Akwai kuma batun harshe. Ƙungiyar kula da jiragen farar hula ta duniya, wato OACI, mai mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada, ta wajabta tun 2008 cewa matuƙin da ke ƙetare iyakokin ƙasashe ya iya Ingilishi har mataki na 4 cikin matakai 6. Saboda haka ɗan Nijar da ya yi karatu da Faransanci sai ya ƙara wani harshe bisa nasa. Ɗalibin koleji da ke wasa da darasin Ingilishi yau, wata ƙofa ce yake rufe wa kansa.

Hannu biyu, ƙafa biyu

Abin da ke ɗaga wannan jirgi shi ne babbar farfela. Kowane reshenta fiffike ne siriri. In inji ya juya su da sauri sai su tura iska ƙasa, jirgi ya tashi. Matuƙi yana sarrafa shi da abubuwa uku lokaci guda.

Na farko sanda ce da ke gefen kujera, ga hannun hagu, mai kama da birkin hannu na mota. In aka ja ta sama, dukan rassan farfela suna ƙara karkata tare, su ƙara cizon iska, jirgi ya hau. In aka sauke ta, ya sauka. Na biyu sanda ce da ke tsaye tsakanin gwiwoyi, ga hannun dama. Ita ke karkata faifan farfela gaba ɗaya: in aka tura ta gaba jirgi ya yi gaba, in aka kai ta gefe ya yi gefe, har da baya yana tafiya. Na uku matakai biyu ne na ƙafa, waɗanda ke sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya.

Dalilin wannan ƙaramar farfela yana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale bisa kogin Isa. In mutum yana tsaye cikin kwalekwale ya juya wani abu mai nauyi zuwa dama, kwalekwalen sai ya juya hagu. Haka inji in yana juya babbar farfela, gangar jikin jirgi tana neman juyawa ɗaya ɓangaren. Farfelar wutsiya ita ke tare wannan juyi. Duk lokacin da hannun hagu ya ƙara ƙarfi, tilas ƙafa ta ƙara taki, hannun dama kuma ya gyara. Ba a taɓa ɗaya a bar sauran.

Nan akwai wani abin lura da ya shafi Nijar. Farfelar jiragen Faransa da na Rasha, in aka dube ta daga sama, tana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya. Ta jiragen Amurka irin su Bell tana juyawa akasin haka. Matuƙin Gazelle ko Mi-17 da ƙafar dama yake taka in ya ƙara ƙarfi, matuƙin Bell 412 kuwa da ta hagu. Rundunar da ke da jirage daga ƙasashe da yawa sai ta sake horar da ƙafar matuƙinta duk lokacin da ya canza jirgi.

Darasin da ya fi kowane wuya ga sabon shiga shi ne tsayar da jirgi cik, mita ɗaya ko biyu bisa ƙasa, kada ya yi gaba kada ya yi baya. Malami yakan kai ɗalibi wani fili mai faɗi, ya ba shi matakan ƙafa kaɗai, sai ya saba ya ƙara masa sandar hagu, daga ƙarshe ta dama. Ranar da aka haɗa masa duka ukun, jirgi yakan dinga lilo. Ɗalibi ya ga ya zame hagu, ya fizgi sanda dama da ƙarfi, jirgi ya wuce wurin, ya sake fizgowa, lilon ya ƙaru har malami ya karɓa. Maganin abin yana wurin matan karkara masu ɗauko tulu daga rijiya ba tare da sun riƙe ba. Mai tulu ba ta kallon tulun, gabanta take kallo, wuyanta yana gyara kaɗan-kaɗan tun kafin ruwan ya tangaɗa. Haka ake koya wa ɗalibi ya dubi nesa, ya sassauta riƙo, ya motsa sanda da ƴan yatsu. Yawanci sai an yi awoyi da dama ana wannan fama, rana ɗaya hannu ya gane. Sannu ba ta hana zuwa.

In inji ya mutu

Jama'a da yawa suna zaton in injin wannan jirgi ya mutu, faɗowa zai yi kamar dutse. Ba haka ba ne, muddin matuƙi ya yi abin da aka koya masa. Yara sukan yi fanka da kara da takarda, su ruga da gudu iska tana juya ta ba tare da inji ba. Haka babbar farfela take: in jirgi yana gangarowa, iskar da ke shigowa daga ƙasa tana ci gaba da juya ta. Aikin matuƙi shi ne ya sauke sandar hagu nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ga ƙananan jirage, domin kada farfela ta rasa gudunta. Sai ya zaɓi fili, ya nufe shi, in ya kusa ƙasa ya ɗaga hancin jirgi ya rage gudu, sannan ya ja sandar hagu ya kashe ragowar ƙarfin farfela wurin tausasa saukar. Dama ɗaya ce, babu ta biyu. Don haka ake maimaita wannan darasi sau da yawa tare da malami, har jiki ya riƙa yinsa kafin tunani ya iso.

Sai ɗalibi ya iya tsayuwa, da tashi, da sauka, da wannan saukar gaggawa, sannan malami ya fita ya bar shi ya kewaya fili shi kaɗai. Yawanci hakan yana zuwa bayan kamar awa 20 na tashi. Ga farar hula, dokar OACI ta ajiye mafi ƙarancin abin da ake bukata kafin a ba da takardar izinin tuƙi, wadda direbobi ke kira parmi. Mai tuƙi don kansa: shekara 17 da haihuwa, da awa 40 cikin sama, 10 daga ciki shi kaɗai, har da tafiya guda ta kilomita 180 da sauka wuri biyu. Mai tuƙi don albashi: shekara 18, da awa 150, ko 100 in a makarantar da hukuma ta amince da tsarinta ya yi su. A Nijar hukumar ANAC ce ke kula da waɗannan takardu. Soja yana da nasa tsari, kuma bayan ya samu fiffikensa sai ya koyi jirgin da zai yi aiki da shi, ya daɗe yana mataimaki kafin a ba shi shugabancin jirgi.

Zafi da ƙura

Wanda ya koyo tuƙi a Turai in ya dawo gida, sai ya sake zama ɗalibin ƙasarsa. Malami na farko shi ne zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin cizo sosai, inji kuma ƙarfinsa yana raguwa. Yamai tana bisa tudun da bai wuce kamar mita 220 daga teku ba, amma ranar bazara da zafi ya kai digiri 43, jirgi yana jin kamar daga tudu mai mita 1.300 yake tashi. Kayan da ya ɗauka da asuba ba lalle ya iya ɗaga su da azahar ba. A duwatsun Abzin, inda Bagazam ya haura mita 2.000, abin ya fi tsanani. Matuƙi nagari shi ne wanda ke iya ce wa babba: ranka ya daɗe, sai an rage kaya, ko a jira sanyin safiya.

Malami na biyu ƙura ce. In jirgi ya zo sauka bisa rairayi, iskar farfelarsa tana tayar da gajimaren ƙura ya rufe shi, matuƙi ya daina ganin ƙasa daidai lokacin da ya fi bukatar ganinta. Ana koya masa ya zaɓi wuri mai tauri, kada ya tsaya lilo a sama, ya dira kafin ƙurar ta cim masa, in kuwa ta rufe shi ya tashi ya sake gwadawa. Rairayin yana kuma cin bakin farfela da cikin inji kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Shi ya sa ake sa wa jirage irin su Mi-17 matatar ƙura ga bakin inji.

Lokacin hunturu hazo yakan haɗe sama da ƙasa, da damina kuma hadarin gabas yana tasowa da iska mai ƙarfi. In ido bai ga iyakar ƙasa ba, jikin mutum yana ruɗinsa: ya ji kamar yana tafiya daidai alhali jirgi ya karkata. Dole ɗalibi ya koyi gaskata agogunan da ke gabansa fiye da abin da jikinsa ke gaya masa.

Matuƙi ba ya tashi shi kaɗai

Bayan kowane matuƙi akwai mutane da yawa da ba a gani. Makanikai suna kwana bisa jirgi, domin sassansa da dama suna da adadin awoyin aiki. In sun cika sai a canza su ko da ba su nuna lalacewa ba. Wannan ne ya sa awa guda ta koyo cikin jirgi mai saukar angulu ta fi ta ƙaramin jirgi mai fukafukai tsada ƙwarai, ya kuma sa iyali kaɗan ne ke iya biya wa ɗansu da kansu. Akwai masu hasashen yanayi, da masu kula da zirga-zirgar jirage, da masu gyaran rediyo. Irin waɗannan ma'aikata a Yamai ake horar da su, a makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda aka kafa cikin 1963, kuma ɗalibai daga ƙasashen Afirka da yawa suke zuwa cikinta. Yaron da ido ya hana shi kujerar tuƙi yana da sauran ƙofofi cikin wannan aiki.

Sojojin Faransa sun bar Nijar cikin watan Disamba na 2023, na Amurka kuma sun fita daga sansanin Yamai cikin Yuli na 2024, daga na Agadas cikin Agusta na 2024. Nauyin tsaron sararin sama da na jigilar gaggawa ya ƙara komawa bisa wuyan ƴan ƙasa. Daga ranar da yaro ya samu bakaloreya zuwa ranar da za a amince masa ya ɗauki rayukan mutane cikin dare da ƙura, shekaru ne masu yawa, kuma babu kuɗin da ke gajarta su. Ma'aikatan da ke tsara kasafi ya kamata su tuna cewa duk jirgin da aka saya yana tafe da bukatar matuƙa, da makanikai, da mai na horo, da kayan gyara. Matuƙin da ya yi watanni bai tashi ba hannunsa yana mantuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Uwayen da suka yi yaƙi da jahilci har suka iya karanta wannan shafi sun san daɗin ilimi da wahalar samunsa da girma. Abin da ke hannunsu shi ne su bar ɗiyansu, maza da mata, su ci gaba da lakkol, su sa musu ido ga lissafi da kimiyya da harsuna, su kai su asibiti in ido ko kunne ya yi ciwo tun abin bai yi nisa ba. Matuƙan da Nijar za ta bukata nan da shekara 15 yanzu haka suna zaune bisa benci a Tawa da Maraɗi da Damagaram da Doso, suna koyon jadawalin sau. Allah shi ba su basira da haƙuri, shi kiyaye masu tashi da masu sauka.